Asma da Halin Yaro

Asma cuta ce ta hanyoyin iska da ke cikin huhu. Takan sa hanyoyin su kumbura daga ciki, naman da ke kewaye da su ya matse, majina ta taru. Sai numfashi ya riƙa fita da ƙyar, ga tari, ga ƙarar fito a ƙirji. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2019 mutum miliyan 262 ne ke ɗauke da ita, kuma ta yi ajalin mutum 455,000 a wannan shekarar. A cikin cututtukan da ke daɗewa a jiki, babu wadda ta kai ta yawa a tsakanin yara.

Wannan shi ne ɓangaren da aka fi sani. Akwai wani ɓangaren da ba a cika maganarsa ba, ko a gida ko a asibiti. Shi ne abin da asma ke yi wa zuciyar yaro da halinsa. Wani yaron yakan zama matsoraci. Wani ya zama mai saurin fushi. Wani ya riƙa ƙulafucin uwa fiye da shekarunsa. Wani kuma ya yi shiru, ya janye jiki daga sa'o'insa. A gida a ce sangarta ce. A makaranta a ce lalaci ne. Sau da yawa kuwa, ciwon ne ya taɓa halin.

Masu sauraro, a kan wannan batu shirin na yau zai tsaya. Za a fara da abin da bincike ya gano. Daga nan a bi dalilan ɗaya bayan ɗaya. Sannan a zo kan alamomin da iyaye za su lura da su, da kuma abin yi.

To, ga abin da bincike ya gano.

A shekarar 2001, wata mai binciken halayyar yara a Amurka, Elizabeth McQuaid, da abokan aikinta sun tattara sakamakon bincike 26 da aka yi a kan yara masu asma, suka auna su wuri ɗaya. Sun gano abu uku. Yara masu asma sun fi sauran yara fuskantar matsalar hali da ta zuciya. Matsalar ta fi karkata ga wadda ake ɓoyewa a ciki. Kuma gwargwadon tsananin asmar, gwargwadon yawan matsalar.

Wannan batu na matsalar da ake ɓoyewa yana buƙatar bayani. Masana sun kasa matsalolin halin yara gida biyu. Akwai masu fitowa fili: faɗa, taurin kai, birgima, rashin zama wuri ɗaya, ƙin jin magana. Waɗannan kowa yana ganinsu, domin suna damun kowa. Akwai kuma masu komawa ciki: fargaba, zullumi, baƙin ciki, kaɗaici. Waɗannan ba sa damun kowa sai yaron. Shi ya sa ake daɗewa ba a gane su ba. Har akan yaba wa irin wannan yaro, a ce ai shi ba ruwansa, yana da haƙuri. Kuma a nan ne asma ta fi yin ɓarna.

A birnin Seattle na Amurka, likitan ƙwaƙwalwa Wayne Katon da tawagarsa sun yi wa matasa 'yan shekara 11 zuwa 17 tambayoyi, suka fitar da sakamakon a 2007. A cikin masu asma, kusan 16 cikin 100 suna da ciwon fargaba ko ciwon damuwa. A cikin marasa asma, kusan 9 cikin 100 ne. Wato kusan ninki biyu ke nan.

Sai a saurari waɗannan alƙaluma da kyau. Idan 16 cikin 100 na da matsalar, fiye da 80 ba su da ita. Yawancin yara masu asma lafiyar zuciyarsu ƙalau. Suna wasa, suna karatu, suna girma kamar kowa. Abin da alƙaluman ke cewa shi ne haɗarin ya fi yawa, musamman ga yaron da asmarsa ba ta samu kulawa ba.

Irin wannan yaro kuwa yana da yawa a Afirka. Wani bincike da aka wallafa a 2024, ƙarƙashin jagorancin Jami'ar Queen Mary ta Landan, ya duba ɗalibai fiye da 27,000 a birane shida: Legas, Kumasi, Kampala, Blantyre, Harare da Durban. Fiye da 3,000 daga cikinsu suna da alamun asma. Waɗanda likita ya taɓa tabbatar musu da cutar ba su wuce ɗaya cikin biyar ba. Sauran suna tari da dare, suna haki a filin wasa, ba su san sunan abin da ke damunsu ba. Iyayensu ma ba su sani ba.

Yanzu sai dalilan. Na farko, kuma mafi girma, shi ne tsoro.

Mai sauraro da ke son ya ɗanɗana abin da yaron ke ji, ya ɗauki bututun biro, ya toshe hancinsa, ya gwada numfashi ta bututun na minti ɗaya. Babba zai iya cirewa da zarar ya gaji. Yaron ba shi da abin cirewa. Kuma abin yakan same shi ne cikin dare, domin asma ta fi tashi tsakanin tsakar dare da asuba. Ya farka cikin duhu, ƙirji a ɗaure, ya kasa kiran uwarsa da ƙarfi. Idan ta zo, ya ga tashin hankali a fuskarta. A nemi abin hawa, a nufi asibiti, a ɗaura masa abin rufe fuska, a yi masa allura. Ɗan shekara biyar ba ya manta irin wannan dare.

Abin da ke biyo baya shi ne jiran dawowar abin. Yaro ya ƙi kwanciya shi kaɗai. Ya ƙi a kashe fitila. Ya ƙi zuwa makaranta, don a can babu uwa, babu magani. Da ya ji ɗan nauyi a ƙirji, ko da na gudu ne, sai hankalinsa ya tashi.

Tsoro kuma ba ya tsayawa a zuciya. Yana sauka a jiki. Mai jin tsoro yakan yi numfashi da sauri, ta baki. Iska mai sanyi da bushewa ta shiga huhu ba tare da hanci ya ɗumama ta ba. Hanyoyin iskar mai asma kuwa ba sa jure wannan, sai su ƙara matsewa. Kuka mai tsanani yana yin haka. Dariya mai tsanani ma tana yi. Asma ta kawo tsoro, tsoro ya ƙara asma. A riƙe wannan, masu sauraro, domin shi ne ginshiƙin batun: asma tana kawo tsoro, tsoro yana ƙara asma.

Damuwar da ba ta shafi ciwon ba ma tana da tasiri. A birnin Glasgow na Birtaniya, likita Seija Sandberg da abokan aikinta sun bi yara 90 masu asma, 'yan shekara 6 zuwa 13, har tsawon wata 18. Sakamakon ya fito a mujallar likitoci ta Lancet a shekarar 2000. Sun lura cewa idan wani babban abu ya faɗa wa yaro, kamar rasuwa a gida ko rabuwar iyaye, haɗarin tashin asmarsa yakan ƙaru a makonnin da ke biye. Idan kuma dama yaron yana cikin wani ƙunci na yau da kullum, tashin yakan zo da wuri, cikin mako biyun farko. Saboda haka idan an yi rashi, ko aure ya mutu, ko an mai da yaro riƙo wani gida, lokaci ne na ƙara sa ido a kan numfashinsa.

Akwai wani abu mai rikitarwa a nan, musamman ga matasa. Firgita mai tsanani tana kama da tashin asma. Ita ma tana zuwa da sarƙewar numfashi da bugun zuciya. Sai dai takan haɗa da jiri, da jin yatsu da kewayen baki suna zugi ko sun mutu, kuma maganin shaƙa ba ya kawar da ita. Matashi zai iya samun duka biyun a lokaci ɗaya. Ba aikin iyaye ba ne su yanke hukunci a tsakiyar dare cewa wannan tsoro ne kawai. Idan ana shakka, a ɗauke shi a matsayin asma, a ba da magani, daga baya likita ya tantance.

Dalili na biyu shi ne barci. Yaro ɗan shekara 6 zuwa 12 yana buƙatar barcin awa 9 zuwa 12. Yaron da tari ke tayarwa sau biyu, sau uku a dare ba ya samun wannan. Babba idan bai yi barci ba, hamma yake yi. Yaro kuwa sau da yawa ƙiriniya yake yi. Ya kasa zama, ya kasa mai da hankali, abu kaɗan ya sa shi kuka ko duka. Malami ya yi bayani, bai shiga ba. Yawancin masu asma kuma suna da toshewar hanci da atishawa, wasu da ƙaiƙayin fata, duk masu hana barci ne. A ƙasar Hausa abin yakan tsananta da hunturu, lokacin da hazo da ƙura da sanyi suka haɗu, aka rufe ɗaki, aka kunna garwashi. Uwar da ta lura ɗanta ya fi fitina daga Nuwamba zuwa Fabrairu, ta saurari yadda yake numfashi idan yana barci.

Dalili na uku, magungunan kansu. Wannan sashe yana buƙatar natsuwa, don kada a ji rabi a bar rabi.

Maganin buɗe ƙirji da aka fi sani shi ne salbutamol, wanda mutane ke kira Ventolin. Yana ceton rai. Amma yakan sa rawar hannu, da bugun zuciya, da rashin natsuwa na ɗan lokaci. Na sha, wato ƙwaya ko ruwa, ya fi na shaƙa kawo wannan, domin yana zaga jiki duka kafin ya isa huhu. Tsofaffin ƙwayoyi masu ɗauke da theophylline, irin su Franol, da har yanzu ake saye a kemis ba tare da takardar likita ba, sukan hana barci su sa ɓacin rai. Prednisolone, da ake bayarwa na 'yan kwanaki idan asma ta tashi da ƙarfi, yakan canja halin yaro a cikin kwanakin: yawan ci, rashin barci, saurin fushi. Yana wucewa idan an gama sha. Haɗarin yana ga masu mai da shi abin sha kullum da kansu.

Sai montelukast, ƙwayar da akan ba yara da dare. A watan Maris na 2020, hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta sa a buga masa gargaɗi mafi ƙarfi da take da shi. Dalili kuwa, an samu rahotannin mugun mafarki, da tashin hankali, da baƙin ciki, har da tunanin kashe kai a wasu masu shan sa. Yara da yawa suna sha lafiya. Amma idan hali ya canja bayan an fara shi, a koma wa likita ba tare da jinkiri ba.

Maganin da iyaye suka fi tsoro kuwa shi ne ya fi sauƙin illa. Shi ne inhela ta rigakafi, mai rage kumburi, irin su beclomethasone da budesonide, wadda ake shaƙa kullum ko da yaro lafiyarsa lau. Akan ji ana cewa wanda ya fara inhela ba ya rabuwa da ita, ko ita ce matakin ƙarshe. Ba haka ba ne. Inhela ba ta sa jaraba. Maganin da ke cikinta ɗan kaɗan ne, kuma kai tsaye yake zuwa huhu. Asmar da aka bari ba magani ta fi kowane ɗaya daga cikin magungunan nan ɓata halin yaro.

Dalili na huɗu yana cikin gida. Kafin a shiga cikinsa, akwai wani tsohon kuskure da ya kamata a kawar.

A tsakiyar ƙarni na 20, wasu likitoci sun ɗauka asma matsalar tunani ce zalla. Franz Alexander, wani fitaccen likitan halayya a Chicago, ya sa ta cikin cututtuka bakwai da ya ce rikicin zuci ne ke haddasa su. A ganinsa, ƙarar da ke fita daga ƙirjin yaro kukan neman uwa ne da aka danne. A birnin Denver, likita Murray Peshkin ya riƙa raba yara masu asma mai tsanani da iyayensu, a ajiye su a wata cibiya na dogon lokaci. Wasu sun samu sauƙi. Daga baya aka fahimci cewa barin ƙurar gida, da dabbobi, da hayaƙin taba, da samun kulawa a kan kari, sun isa su bayyana mafi yawan wannan sauƙi. An ɗora wa uwaye laifin da ba nasu ba, shekara da shekaru. Yau an san cewa asma kumburi ne na gaske a hanyoyin iska, mai alaƙa da gado da muhalli. Uwa ba ta jawo wa ɗanta asma da halinta.

Amma yadda gida ya karɓi ciwon yana tasiri a kan yaron, kuma akan kauce ta hanya biyu.

Wani gidan yakan killace yaro. Kada ka yi gudu. Kada ka fita. Kada ka sha ruwan sanyi. Kada a sa shi kuka. Ƙannensa su yi laifi a hukunta su, shi a ƙyale shi. Duk ƙauna ce ta kawo haka, da tsoron abin da aka gani a daren farko. Sai dai yaron yana koyon darasi biyu daga ciki. Ya koyi cewa jikinsa abin tsoro ne. Ya kuma koyi cewa da ya fara haki, kowa zai sakar masa. 'Yan'uwansa kuma su fara jin haushinsa, musamman a gidan da ake 'yan uba.

Wani gidan kuma akasin haka ne. A ce raki ne. A ce son jiki ne, don kada a aike shi. A ce namiji ba ya haki. Yaron da aka saba ƙaryatawa yakan daina faɗa. Ya ji ƙirjinsa ya fara ɗaurewa, ya yi shiru, har sai abin ya fi ƙarfinsa. Wannan ya fi na farko haɗari, domin jinkirin faɗa yana iya kaiwa ga rasa rai.

Ita ma mai jinyar tana da nata nauyin. Uwar da ta kwana zaune, ta wayi gari da aikin gida, ga tunanin kuɗin magani. A Najeriya farashin inhela ya yi tashin gwauron zabo bayan kamfanin GSK ya sanar a watan Agusta na 2023 cewa zai daina sayar da kayansa kai tsaye a ƙasar. Bincike ya nuna cewa idan uwa tana fama da ciwon damuwa, ba da magani a kan lokaci yakan yi rauni, zuwa ɗakin gaggawa kuma ya ƙaru. Wannan ba zargi ba ne a kanta. Shaida ce cewa jinyar mai asma ta fi ƙarfin mutum ɗaya, kuma maigida yana da kaso a ciki.

Dalili na ƙarshe yana waje, a makaranta da unguwa. Yaro ya yi fashin kwanaki, ya dawo an wuce shi. A raba 'yan ƙwallo, a bar shi a gefe. Ya fito da inhela, a yi masa dariya. Wasu iyayen ma sukan hana 'ya'yansu cin abinci da shi, suna zaton irin tarin fuka ne. Asma ba ta yaɗuwa. Ba a ɗaukar ta ta kwano, ko kofi, ko numfashi. Matashi, wanda babu abin da ya ƙi jini irin a ce ya bambanta da abokansa, yakan bar inhelar a gida da gangan. Budurwa kuma akan ɓoye ciwonta don gudun kada ya hana ta miji. Abin da aka ce a ɓoye, yaro yakan ɗauka abin kunya ne.

Masu sauraro, yanzu an zo kan alamomin da za a lura da su.

A ƙananan yara, akan ga koma baya. Wanda ya daina fitsarin kwance ya dawo da shi. Wanda ya saba wasa a waje ya liƙe wa uwa. Birgima ta yi yawa, barci ya zama rigima. A 'yan firamare, akan ga ciwon ciki ko ciwon kai da safe a ranakun makaranta, da ja da baya a karatu, da yawan tambaya a kan mutuwa. A matasa, akan ga kulle kai a ɗaki, da barin abokai, da canjin ci ko barci, da ƙin shan magani, wani lokaci da fara shan taba ko shisha, wanda ga mai asma babban ganganci ne.

Kowane yaro yana da ranar fitinarsa. Abin dubawa shi ne daɗewa da nauyi. Idan canjin ya wuce mako biyu, kuma ya taɓa karatu, ko barci, ko zama da mutane, ya isa a nemi shawara.

Saura abin yi.

Matakin farko shi ne a shawo kan asmar. Yaron da ya koma barci har safe, ya koma gudu ba haki, sau da yawa halinsa yakan daidaita da kansa. Likitoci suna da tambayoyi huɗu da suke auna wannan da su, kuma kowace uwa za ta iya yi wa kanta. A cikin mako huɗun da suka wuce, alamun sun taso da rana fiye da sau biyu a mako? Asma ta tashe shi daga barci? Ya nemi maganin buɗe ƙirji fiye da sau biyu a mako? Ta hana shi wasa ko makaranta? Idan an amsa da e ko da sau ɗaya ne, da sauran aiki. A koma asibiti, a yi maganar inhela ta rigakafi.

A kuma duba yadda ake shaƙar. Yara da yawa suna fesa maganin a harshe ne kawai. Akwai wata roba da ake sa wa tsakanin inhela da baki, ana ce mata sifesa. Tana riƙe maganin har yaro ya shaƙe shi a hankali. Inda babu ta saye, gorar roba mai cin rabin lita tana aiki. Farfesa Heather Zar ta gwada wannan a Cape Town ta Afirka ta Kudu, aka wallafa a 1999, kuma gorar ta yi aiki daidai da ta kanti. Ma'aikacin lafiya zai nuna yadda ake huda ta. Fesa ɗaya a lokaci ɗaya, yaro ya ja numfashi kamar sau biyar, sannan a ƙara.

Sai hayaƙi. Na itace, na taba, na janareta, na maganin sauro, na turaren wuta. A nan akwai abin da ya wajaba a faɗa a fili. Idan yaro yana firgita da dare ko halinsa ya canja, wasu gidajen sukan danganta abin da iska, a yi masa hayaƙi a lulluɓe. Addu'a ba ta cutar da kowa. Hayaƙi kuwa yana iya rufe numfashin mai asma nan take. A yi addu'a, a bar hayaƙin.

Mataki na biyu shi ne a rage tsoro da sani. A nemi likita ya rubuta tsari a takarda: abin da za a sha kullum, abin da za a yi idan tari ya fara, da lokacin da za a garzaya asibiti. Alamun garzayawa su ne yaro ya kasa ƙarasa magana, ko fatar tsakanin haƙarƙarinsa tana lotsawa, ko leɓe da harshe su koma toka-toka ko shuɗi, ko ya fara gyangyaɗi, ko magani ya ƙi aiki. A bayyana wa yaron ciwonsa da kalmomin da zai gane. Ɗan shekara bakwai zai iya sanin sunan maganinsa da inda ake ajiye shi. Idan abin ya tashi, a zaunar da shi a miƙe, kada a kwantar da shi. A rage taron mutane a kansa. Mutum ɗaya ya yi magana da shi, da murya ƙasa-ƙasa. Yaro yana karanta fuskar babba kafin ya ji maganarsa. Bayan an samu sauƙi, a ba shi dama ya faɗi abin da ya ji, a ce masa, “Ka ji tsoro ko? Ai da ban tsoro. Ga abin da za mu yi idan ya sake zuwa.”

Mataki na uku, tarbiyya ta ci gaba. Dokar gida ɗaya ce ga kowa. Mai asma ya yi aike, ya yi wanke-wanke, a ɗauke masa shara da hura wuta kawai, a musanya masa da wani aikin. Idan ya yi laifi a tsawatar cikin natsuwa, ba da duka ba. Idan kuka ya tayar masa da tari, a ba shi magani, ya huce, sannan a koma kan maganar laifin. Da haka zai gane cewa ana kula da ciwonsa, kuma ciwon ba ya goge laifi.

A bar shi ya yi wasa. David Beckham da Paul Scholes sun buga wa Manchester United ƙwallo da asma. Paula Radcliffe ta Birtaniya ta kafa tarihin duniya a gudun fanfalaki na mata a Landan a 2003, ita ma da asma. Idan gudu yana tayar wa yaro da ciwon, likita zai iya ba da shawarar shaƙar magani kafin a fara. Malamin aji da na Islamiyya su san halin da ake ciki. Inhela ta kasance a jakar yaron ko kusa da shi, ba a kulle a ofis ba. A nisanta shi da ƙurar alli da sharar aji.

Idan an yi duk wannan, asma ta lafa, amma fargaba ko baƙin ciki bai tafi ba, sai a nemi masanin lafiyar ƙwaƙwalwar yara. Zuwa wurinsa ba ya nufin yaro ya taɓu. Yawancin aikin zantawa ce: a koya wa yaro bambance tsoro da ciwo, da yadda zai sassauta numfashinsa, da yadda zai koma abubuwan da ya guje wa kaɗan-kaɗan. Likitan yara zai iya tura iyali zuwa sashen da ya dace a asibitocin koyarwa, kamar na Malam Aminu Kano da ke Kano da na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, ko asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kaduna, Maiduguri da Kware. A Nijar, a fara da likitan yara na asibitin da ya fi kusa, shi zai nuna mataki na gaba. Idan kuwa yaro ko matashi ya furta cewa gara ya mutu, ko ya yi yunƙurin cutar da kansa, ba a jiran ranar ganin likita. A kai shi a ranar, kada a bar shi shi kaɗai, kuma a tafi da duk magungunan da yake sha, har da waɗanda aka saya a kemis.